Tattara Kayan Gargajiya a Zamanin Mulkin Turawa: Nazari Daga Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa tattara kayayyakin gargajiya na al'ummomin Nijeriya ta Arewa, da irin saɓanin fahimtar da ya auku tsakanin mai ɗauka da wanda aka ɗauka daga hannunsa. An zaɓi ƙasar Birnin Gwari da dajinta ta zama madubi, domin a nan ne ake iya ganin ɓangarori uku na al'amarin a wuri guda, watau Gwari da Kamuku masu kayan, da Hausawa Musulmi waɗanda suka zauna tare da su suka kuma yi musu tafinta, da Baturen da ya zo da alƙalami da akwati.

Ya kamata tun da fari a bambance kalmomi biyu da muke yawan cakuɗawa. Tulun da ke ɗakin Bagwariya, wanda take zuba ruwa a ciki kullum, kayan gargajiya ne idan muka so mu kira shi haka, amma a wurinta tulu ne kawai. Ba ya zama kayan tarihi sai ranar da ya daina aiki, aka ɗora shi a kan kanta, aka liƙa masa lamba. Abin da za a tattauna a nan shi ne wannan sauyin, da waɗanda suka yi shi, da abin da ya salwanta a hanya.

Ƙasar da Turawa suka tarar

Birnin Gwari tsohon gari ne a kan hanyar fatake da ta haɗa ƙasar Nufe da Zazzau da Kano, kuma masana tarihin Katsina suna ambatonsa tare da garuruwan Katsina Laka. Sunan Gwari yana cikin jerin Banza Bakwai. A shekarar 1826 Clapperton ya ratsa ta garin a kan hanyarsa ta zuwa Zariya, ya same shi da ganuwa. To amma a ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, sun ɗaiɗaita ƙasar Gwari da ta Kamuku, har Birnin Gwari kanta ba ta tsira ba. Mutane da yawa aka kama bayi, waɗanda suka kuɓuta suka haye duwatsu ko suka nutsa cikin daji.

A wannan hali ne sojan Gwamna Lugga suka ci Kwantagora a watan Janairu na 1901, sa'an nan a 1902 aka kafa hedkwatar mulki a Zungeru, kafin a mayar da ita Kaduna a 1917. Duka garuruwan biyu a ƙasar Gwari suke, haka ma Abuja ta yanzu, abin da ya sa ake iya cewa babu al'ummar da gwamnati ta zauna a kan ƙasarta kamar Gwari. Ita kuwa Birnin Gwari daga baya an haɗa ta da Lardin Zazzau a matsayin gunduma mai cin gashin kanta, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga batunmu. Baturen da ya iso bai tarar da mutane cikin ƙarfinsu ba. Ya tarar da ƙauyukan da yaƙi ya karya, masu ɗaukar duk baƙon da ya zo da 'yan rakiya da bindiga a matsayin sabon mai karɓar gandu. Idan irin wannan baƙo ya nuna wani abu ya ce yana so, ba a yi masa musu, ko ya biya ko bai biya ba. Don haka kalmar "saye" da kalmar "kyauta" da ake samu a cikin rajistocin gidajen tarihi na Turai suna bukatar a karanta su da lura.

Hanyoyin da kaya suka bi

Hanya mafi bayyana ita ce ganimar yaƙi. Kowa ya san labarin Bini na 1897, inda aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba. A Arewa ma an yi irin wannan, ko da yake bai kai can yawa ba. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru, wadda ta faɗa hannun Turawa a 1903, ba ta koma Sakkwato ba sai a 1960. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato a 1903 su ne H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Takubba da sulke da lifidi da sirdi kuwa, hafsoshi sun tafi da su gida a matsayin abin tunawa, wasu suka ƙare a zaurukan bataliyoyinsu, wasu magada suka sayar.

Sai dai ga al'ummomi irin su Gwari da Kamuku hanyar da ta fi tasiri ita ce ta shari'a da rangadi. Dokar laifuffuka da aka kafa a Arewa a 1904 ta haramta rantsuwar shan gwaska da wasu ayyuka da ta kira maita da "juju". Ma'anar wannan a aikace ita ce, abin da tsofaffin gari suke yanke hukunci da shi yana iya zama shaidar laifi a gaban Joji, kuma abin da ya shiga kotu a matsayin shaida ba lalle ne ya koma hannun mai shi ba. Haka nan kwari da baka da kibiya mai dafi, waɗanda ake karɓewa bayan kowane sintiri. Di'o mai sha'awar al'adu ba ya bukatar ya fita nema, kayan suna zuwa har gaban teburinsa.

Akwai kuma masu zuwa musamman don tarawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Bajamushe Leo Frobenius, wanda ya yi yawo a Nijeriya tsakanin 1910 da 1912 yana tara wa gidajen tarihi na Jamus kaya. A Ife ya karɓi kan tagulla da ake dangantawa da Olokun a kan fam shida, mutanen gari suka kai ƙara, Razdan Charles Partridge ya tilasta masa ya mayar. Daga nan ya wuce ƙasar Nufe. Abin lura shi ne, wannan mutum da ya yaba kyan aikin Ife bai yarda cewa kakannin mutanen Ife ne suka ƙago shi ba, sai ya jingina shi ga wata ɓatacciyar daula ta tatsuniyar Girkawa. Shi kuma Manjo A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya rubuta The Tailed Head-Hunters of Nigeria (1912) da Hausa Superstitions and Customs (1913). Sunan littafin farko kaɗai ya isa ya nuna irin idon da ake kallon mutanen da shi. Da ya so ya yi nazarin bori sosai, sai ya tafi Tunis da Tarabulus, wurin Hausawan da ke zaune a can, ya fitar da The Ban of the Bori a 1914.

Ba kayan hannu kaɗai aka tara ba, har da magana. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen ajami na malamai. Olive Temple ta harhaɗa rahotannin jami'an lardi ta fitar da littafinta na ƙabilu da lardunan Arewa a 1919, inda Gwari da Kamuku kowa yake da nasa babi. C. K. Meek ya biyo da The Northern Tribes of Nigeria a 1925, daga bayanan ƙidayar 1921. Mu da muke nazarin harshe da al'ada a yau ba mu da makawa sai mun koma ga waɗannan littattafai, kuma rashin adalci ne a ce ba su amfane mu ba. Amma hanyar da aka tara bayanan ita ce hanyar da aka tara kayan.

Muryar dodo a cikin akwatin gilashi

A nan ne saɓanin ya fi fitowa fili. A tsakanin Kamuku da maƙwabtansu, har zuwa Maguzawan Kwatarkwashi, akwai tsafin Magiro, wanda ya shafi kakanni, kuma sirrinsa na hannun maza ne. A kudancin Zazzau akwai dodo, wanda Meek ya yi bayaninsa a cikin Tribal Studies in Northern Nigeria (1931). Abin da ya haɗa ire-iren waɗannan shi ne ɓoyo. Mata da yaran da ba a shigar da su ba suna jin murya, amma ba su ganin inda take fitowa. Da wannan murya ake tsawata wa mai laifi, ake sasanta rikici, ake sanar da lokacin biki.

Abin da ke fitar da muryar a wurare da dama ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan bututu ne na kara ko ƙashi, an toshe bakinsa da tantani mai laushi, galibi na jakar ƙwan gizo-gizo. Idan mutum ya yi magana a ciki sai tantanin ya yi rawa, murya ta sauya ta zama ba irin ta bil'adama ba. Henry Balfour, wanda ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford daga 1891 har rasuwarsa a 1939, ya tara irin waɗannan, ya rubuta doguwar maƙala a kansu wadda aka buga a 1948, kuma misalai da yawa a cikinta daga Nijeriya suke.

To, a duba yadda mutum uku suke ganin wannan ɗan bututu. A wurin dattijon da ke riƙe da shi, darajarsa ita ce ba a ganinsa, ranar da idon da bai cancanta ba ya gan shi, ranar ya mutu, kuma wani yanki na ikon dattawa ya mutu tare da shi. A wurin malamin Bahaushe ko tafinta, kayan tsafi ne, rabuwa da shi alheri ne ga mai shi, don haka ba ya jin nauyin taimaka wa Bature ya samu. A wurin Balfour kuwa, samfuri ne. Gidan Pitt Rivers, tun kafa shi a 1884, yana jera kaya ne bisa iri, ba bisa ƙasa ba, da nufin nuna yadda fasahar ɗan Adam ta taso daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Saboda haka muryar kakanni sai ta samu kanta kusa da abin busar wasan yara na Turai, domin dukansu tantani ne ke rawa a ciki. Ta fuskar kimiyyar sauti Balfour bai yi kuskure ba. Amma aikin gidan tarihi shi ne nunawa, aikin wannan abu kuwa shi ne ɓuya, kuma babu yadda za a yi a cika wa duka biyun haƙƙinsu.

Ra'ayinmu a nan shi ne, marubutan da ke taƙaita al'amarin a kan Bature da baƙar fata suna tsallake ɓangare na tsakiya, alhali shi ne ya fi shafar mu. Tun kafin zuwan Turawa akwai jayayya tsakanin Musulunci da tsafi a ƙasar nan, kuma bayan tafiyarsu ba ta ƙare ba. Masu wa'azi, na masallaci da na coci, sun sa an ƙone ko an zubar da kayan da babu Baturen da ya taɓa gani. Fataucin kayan ma da yawansa a hannunmu yake. Christopher Steiner, a littafinsa African Art in Transit (1994), ya nuna yadda dillalai Musulmi, Hausawa da yawa a cikinsu, suke riƙe da kasuwar sassaƙe-sassaƙe a Abijan, suna ɗaukar gumakan a matsayin haja kawai.

Tafinta da matsalar suna

Ga masu nazarin harshe, babbar ɓarna tana kan takardar da aka liƙa wa kayan. Jami'in Bature da wuya ya ji wani harshe bayan Hausa, kuma sau da yawa ko Hausar ta tafinta ce. Don haka sunan da ya shiga rajista shi ne sunan da Bahaushe yake kiran mutanen da shi. Waɗanda ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari suka zama Gwari, Atyap suka zama Katab, Bajju suka zama Kaje, Ham suka zama Jaba, Lelna suka zama Dakarkari. Kalmar Kamuku ita ma laima ce da ta rufe harsuna da dama na dangin Kainji, irin su Cinda da Regi, alhali Gbagyi yana cikin dangin Nufanci ne. Watau maƙwabta biyu a daji guda, harsunansu ba reshe ɗaya ba, amma a rahoton Bature dukansu "arna" ne. Sai a 1960 ne H. D. Gunn da F. P. Conant suka yi ƙoƙarin tsefe bayanan wannan yanki a littafinsu Peoples of the Middle Niger Region, shi ma galibi daga tsofaffin fayilolin lardi.

Kuma mai karatu ya san cewa kalmar "Gwari" a bakin Bahaushe ba koyaushe take zuwa da girmamawa ba, shaidar haka ita ce "gwaranci" da ake ce wa maganar da ba ta fita daidai ba. Abin da ya faru da sunan mutane shi ya faru da sunan kaya. Abubuwa iri-iri, kowanne da sunansa da aikinsa a harshen masu shi, tafinta ya dunƙule su cikin "tsafi" ko "gunki" ko "dodo", Bature kuma ya sake dunƙule su cikin "juju". Sunan maƙeri ko masassaƙi ko maginiyar tukwane ba a cika tambaya ba, domin a ganin masu tarawa ƙabila ce ke yin abu, ba mutum ba.

Ladi Kwali ce fitacciyar da ta kuɓuta daga wannan. Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja (Suleja ta yanzu) a 1954, sunanta ya zagaya duniya, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma ko a nan akwai abin dubawa. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ta yi nauyi, kuma ba ta tsatsafar da ruwa, saboda haka ba ta sanyaya shi. Ta yi kyan gani, ta bar aikin randa.

Daji da abin da ke ƙarƙashinsa

Akwai wani nau'in tarawa da ba a cika lissafa shi ba, domin ba a ɗauke kome aka kai Turai ba. A 1936 aka keɓe dajin Birnin Gwari a matsayin gandun daji na En'e, wanda a 1999 ya zama gandun ƙasa na Kamuku, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100. A cikinsa akwai duwatsu da ƙoramu da kufai waɗanda Gwari da Kamuku ke girmamawa. Yawancin abin da waɗannan al'ummomi ke tsarkakewa ba ya shiga akwati, dutse ne ko itace ko tafki. Ma'aikacin gandun daji ya zo ya ja layi a taswira, ya ƙidaya maɗaci da doka da kirya, ya taƙaita noma da farauta da zama. Wurin yana nan inda yake, amma an raba shi da masu shi kamar yadda aka raba bututun dodo da dattawansa. Ƙaurar da hedkwatar masarautar ta yi daga tsohuwar Birnin Gwari zuwa bakin babbar hanya ta ƙara nisanta mutane da tsofaffin wuraren.

Ƙarƙashin ƙasa ma haka. Haƙar kuza ce ta fito da gumakan yumɓu na Nok a 1928, kuma kan da aka samu a Jama'a wajen 1943, wanda ya ja hankalin Bernard Fagg, an same shi ne ana amfani da shi a gona don korar tsuntsaye. An samu irin waɗannan gumaka har a Kagara, a kan hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari, wadda masana suka daɗe suna ɗauka a matsayin gefen yamma na yankin Nok. Binciken da Jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 ya kai farkon wannan al'ada zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai masu binciken sun tarar da wurare masu yawa an riga an tone su, domin a shekarun 1990 an yi ta haƙa ba bisa doka ba, a yankin Nok da kuma Kwatarkwashi da wasu sassan Katsina. Gunkin da aka tono aka sayar ba tare da an rubuta inda ya kwanta da abin da ke kewaye da shi ba, ya rasa mafi yawan abin da zai iya gaya wa masani. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar zinariya ce, an haƙa a shekarun 1930, an kuma koma haƙa a wannan ƙarni, sa'an nan daga shekarun 2010 'yan bindiga suka mamaye dajin, har zuwa sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar a watan Nuwamba na 2024. A tsawon waɗannan shekaru masu haƙa da masu bindiga sun fi masu bincike sanin kufan dajin.

Doka da batun mayarwa

Adalci ne a faɗa cewa daga cikin Turawan ne aka fara samun masu hana fitar da kaya. Kenneth Murray, wanda aka naɗa mai kula da kayan tarihi a 1943, da Bernard Fagg, su suka tsaya har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kayan tarihi a 1953, aka buɗe na Ikko a 1957. Bayan mulkin kai Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970, aka buɗe gidan tarihi na Kaduna a 1975, sa'an nan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Amma yarjejeniyar 1970 ba ta waiwayar abin da ya fita kafin ta, kuma kusan duk abin da muka tattauna a sama kafin ta ya fita.

Mayarwar da aka gani a 'yan shekarun nan ta fi shafar Bini. Jamus ta sa hannu a kan miƙa mallakar kayan Bini fiye da 1,000 a watan Yuli na 2022, kuma a Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin cewa Oba ne mai su. Wannan ya yiwu ne domin an san ranar da aka kwashe su, an san fadar da aka kwashe su, kuma magajin fadar yana nan. Abin da takardarsa ta ce "Gwari, Nijeriya ta Arewa" kawai ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Gbagyi suna Kaduna da Neja da Nasarawa da Kogi da Abuja, ba su da sarki ɗaya. Sarkin Birnin Gwari Musulmi ne, jikokin masu Magiro da dodo yawancinsu Musulmi ne ko Kirista, wasu za su karɓi kayan da murna a matsayin gadon kakanni, wasu ba za su yarda ya kwana a gidansu ba. Idan kuma aka kawo shi gidan tarihi na Kaduna, akwatin gilashi ne dai zai sake shiga, mata da yara su gani.

Ko inda aka san asali, ba lalle ne kayan su dawo ba. Gumaka uku, biyu na Nok ɗaya na yankin Sakkwato, waɗanda Faransa ta saya daga dillali, an daidaita a kansu a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, amma za su zauna a can aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Wa'adin farko zai cika a 2027.